Tsakanin Rama da Teɓa: Abin da Sikeli Ke Faɗa da Wanda Yake Ɓoyewa

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, mutum uku aka saba gani a kan sikeli: jariri ranar rigakafi, mai juna biyu ranar awo, sai majinyacin da ciwo ya ci ƙarfinsa aka kai shi babban asibiti. Wanda ke tsaye da ƙafafunsa, yana zuwa gona yana cin kasuwa, ba ya cikin lissafi. Tare magidanci a Sundimina ko Kangire ka tambaye shi damin dawa nawa ya samu bara, zai faɗa maka ba ko gargada. Tambaye shi nauyinsa kilo nawa ne, sai ya yi dariya ya ce wa ke auna lafiyayye.

Awon da muka gada na ido ne, kuma a cikin gaisuwa muke faɗin sakamakonsa. "Kai Alhaji, jiki ya yi kyau, lallai Abuja ta karɓe ka." "Yaya, kin ga 'yarki? Ta murje, ta yi ɓul-ɓul." Idan abin ya juya kuma sai a sassauta murya: "Na ga Malam ya zube, Allah dai ya sa lafiya." Wannan awo ba na banza ba ne, don sau da yawa idon tsohuwa kan riga likita gano wanda ba shi da lafiya. Sai dai ido ba ya kama canjin da ke zuwa a hankali a jikin wanda ake gani kullum, babbar riga da hijabi kuwa sun iya rufa asiri. Ga shi mun ɗaure ƙiba da arziki da kwanciyar hankali, har ya zama duk wanda ya ajiye teɓa yabo yake sha, ko da teɓar ce ke shirin kayar da shi.

Likitoci suna da nasu lissafin, wanda suke kira BMI, kuma ɗan firamare ma zai iya shi. Ka san nauyinka da kilo, ka san tsawonka da mita. Ka ninka tsawon da kansa, sannan ka raba nauyin da abin da ya fito. Ɗauki mutum mai tsawon mita 1.70. Idan aka ninka 1.70 sau 1.70 za a sami 2.89. In nauyinsa kilo 65 ne, a raba 65 da 2.89, lambarsa ta zama 22.5. Da kilo 50 yake, da ta faɗo 17.3. Da kuwa kilo 90 ne, da ta haura 31. Hikimar abin ita ce dogo ya kamata ya fi gajere nauyi, don haka kilo kaɗai ba ya faɗin komai sai an jingina shi da tsawo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa manya iyakoki. Ƙasa da 18.5 rama ce, idan ta gangara ƙasa da 16 kuwa rama ce mai tsanani. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya fara wuce kima, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce da likita ke yi wa kallon matsala, wadda ita ma ake kasa ta hawa uku, a 30 da 35 da 40. Ni dai na fi ganin amfanin a mayar wa mutum da lissafin nan kilo, don shi ne abin da zai riƙe a ka. Mace mai tsawon mita 1.55, daidai ɗinta yana tsakanin kilo 44 da 60. Mai 1.60, tsakanin 47 da 64. Namiji mai 1.70, tsakanin 53 da 72, mai 1.80 kuma tsakanin 60 da 81. Dubi faɗin tazarar. Kusan kilo 20 ne tsakanin ƙasa da sama, wato mutum biyu masu tsawo ɗaya za su iya bambanta ƙwarai a ido alhali duk lafiyarsu ƙalau.

Sanin asalin lissafin yana taimakawa wajen sanin iyakarsa. Wanda ya fito da shi, Adolphe Quetelet, ba likita ba ne. Masanin lissafi da taurari ne ɗan ƙasar Beljiyam, kuma a shekarun 1830 abin da ke gabansa shi ne siffanta matsakaicin mutum a cikin jama'ar Turai, ba duba mara lafiya ba. Sai a 1972 wani masani Ba'amurke, Ancel Keys, ya gwada shi a kan maza sama da 7,000 daga ƙasashe biyar, ya ga ya fi sauran lissafe-lissafe masu sauƙi kusantar gaskiya, ya ba shi sunan da ake kiransa da shi yau. Babu mace ko ɗaya a cikin waɗanda ya auna. Shi kansa Keys ya nuna cewa lissafin ya fi dacewa da nazarin jama'a da yawa fiye da yanke wa mutum guda hukunci. A shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da iyakokin da na ambata, suka bazu ko'ina saboda dalili mai kyau: ba sa buƙatar wuta, ba sa buƙatar ɗakin gwaji, sikeli da bango kawai.

Yanzu ga inda nake ganin ana ɓata wa mutanenmu lissafi. Kusan duk abin da ke shigowa waya game da nauyin jiki magana ɗaya yake yi: rage ƙiba. Shayin rage tumbi, daina cin tuwon dare, sha ruwan ɗumi da lemon tsami. Ba abin mamaki ba ne, domin daga ƙasashen da ƙiba ta yi wa katutu maganar ta taso. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun ce manya biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce kima, miliyan 890 daga cikinsu masu ƙiba ne sosai, kuma adadin ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. Amma a cikin alƙaluman shekarar dai akwai manya miliyan 390 da ke ƙasa da 18.5, waɗanda ba a yi musu bidiyo don ba su da abin saye. Da yawa daga mutanen Kantoga da Basirka da Fagam a wannan sahun suke.

A 2018 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da babban binciken lafiyar iyali, ta auna mata masu shekara 15 zuwa 49 a duk faɗin Nijeriya. Kashi 12 cikin 100 ramammu ne, kashi 28 kuma nauyinsu ya wuce kima. Wanda ya tsaya a nan zai ce ƙiba ce matsalar ƙasar. Da an rarraba alƙaluman sai hoton ya sauya. Ƙiba ta fi taruwa a birane da jihohin kudu, rama kuwa ta fi yawa a Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma, kuma Jigawa tana cikin jihohin da ramar ta rinjayi ƙibar. A binciken dai an sami kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, alhali matsakaicin ƙasa kashi 37 ne. Maza manya kuwa ba a auna su ba, abin da ya yi daidai da halin da ake ciki a asibitocinmu.

Saboda haka mu fara da rama, tunda ita ce ta gida. Ramar kudancin Jigawa tana bin kalandar manomi. Daga faɗuwar ruwa zuwa marka aiki yake kai ƙololuwa, ga huɗa, ga noman farko, ga maimai, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma mudu ya yi tsada a kasuwar Sara. A wannan lokacin ne sauro ke cin karensa babu babbaka, zazzaɓi da gudawa su ƙara zuƙe jiki. Masu bincike da suka shafe shekaru suna auna mutanen ƙauyen Keneba a Gambiya, inda damina da kaka suke kama da namu, sun ga manya na zubar da 'yan kiloli kowace damina su maido da su da kaka, jariran da aka haifa a watannin yunwa kuma sun fi zuwa da ƙarancin nauyi. Wanda ya shiga damina da lamba 22 yana da abin da zai zubar. Wanda ya shige ta da 18 fa, daga ina jikinsa zai ciro? Daga tsoka. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, manomin da ya rame kuwa kunya kaɗan zai iya yi kafin ya nemi inuwa, amfanin gonarsa ya ragu, badi ya sake shiga damina a rame.

Abin ya fi tsanani ga mata. A gidaje da yawa akushin maigida ake fara cikawa, sai na yara, mai girkin ta ƙarasa da abin da ya rage a tukunya, sau da yawa tana goyo ko tana da ciki ko duka biyun. Matar da ta ɗauki ciki a rame ta fi haɗarin ƙarancin jini da haihuwar ɗan ƙaramin jariri. Idan kuma yarinya ce da ita kanta ba ta gama girma ba, jikinta da abin da ke cikinta ne ke rabon abinci ɗaya. Wannan ba ya gyaruwa da maganin ƙarin jini kaɗai. Magana ce ta wa ke cin ƙwan da kazar gidan ta saka, ita ko kasuwa.

Akwai kuma ramar da ba ta yunwa ba, wadda ta fi kowacce buƙatar gaggawa. Tarin fuka yana ramar da mutum, ramammen mutum kuma ya fi saurin kamuwa da shi, ga Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Ciwon suga idan ya yi ƙarfi yana narkar da jiki, mutum yana ci yana shan ruwa yana fitsari yana zubewa. Haka ƙanjamau, da tsutsar ciki, da ciwon daji, da damuwar da ke hana cin abinci. A nan lambar BMI ta rana ɗaya ba ta da amfani kamar bambancin da ke tsakanin awon bara da na bana. Mai kilo 75 da ya dawo 66 cikin 'yan watanni ba tare da ya nema ba yana iya kasancewa a cikin sahun daidai a takarda, amma yana cikin haɗari fiye da siririn da yake kilo 52 tun yana saurayi.

To ƙiba fa? Kada mutumin ƙauye ya ce ba ruwansa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Duk wanda ya san cikin garin Birnin Kudu shekaru 30 da suka wuce ya san rayuwa ta sauya. Tafiyar da ake yi a ƙasa ko a keke ta koma kan babur, har zuwa masallacin unguwa. Surfe da daka sun koma inji, wanda rahama ce babba ga mata, ba mai fatan a koma turmi, sai dai ƙarfin da ake ƙonawa a bakin turmin bai sami wata mafita ba. Kunu da ƙosai sun ba shayi mai madara da suga da burodi wuri. Taliya da farar shinkafa da mai suna ture tuwon dawa, lemon kwalba ya zama abin karrama baƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a yini, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12, lemo ɗaya mai rabin lita kuwa yana iya cinye kusan duk wannan kason. Harajin naira 10 a kan kowace lita da dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora wa irin waɗannan lemuka bai kai ya sa kowa ya fasa saye ba. Ma'aikacin sakatariya, ɗan kasuwar da ke wuni a shago, direba, uwargidan da yara suka karɓe mata aiki, su ne sahun farko. Abin da ke biyo baya sananne ne a layin asibitin tarayya na Birnin Kudu da asibitin Rasheed Shekoni na Dutse: hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa da baya, shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ramar jiya ke share wa cutar gobe hanya. Tun a shekarun 1980 wani likita ɗan Ingila, David Barker, ya nuna cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi kamuwa da ciwon zuciya da suka manyanta. An ga irin haka a jikin waɗanda suke cikin uwa lokacin yunwar da aka yi a Holan a hunturun 1944 zuwa 1945: da suka girma a cikin wadata, ƙiba da suga da ciwon zuciya sun fi kama su. Jikin da ya ginu a cikin rashi yakan saba da tattali, idan yalwa ta zo masa daga baya sai ta yi masa yawa. Yaron Wurno ko Kila da ya tashi a tsumbure, ya tafi cin rani Kano ko Legas, Allah ya buɗa masa ya koma cin mai da zaƙi yana zaune, ya fi ɗan da ya tashi a ƙoshe kusa da ciwon suga, ko da lambarsu ɗaya. Jihar da kusan biyu cikin uku na yaranta suka tsumbure a 2018 ya kamata ta fara lissafin abin da zai cika asibitocinta nan da shekara 30.

Sai kuma ƙibar kemis. Amarya ana saura wata guda biki, ko matar da kishiya ta fi ta cika ido, ko saurayin da ake tsokana da siranta, sai a nuna musu ƙwayar da wasu ke kira sha-ka-fashe. Galibi deksametason ce, maganin da likita ke bayarwa da lissafi don wasu cututtuka masu tsanani. Abin da take kawowa ba ƙoshin lafiya ba ne. Ruwa take tarawa, ta kumbura fuska, ta tura kitse ciki da ƙeya, ta bar hannu da ƙafa a tsotse, fata ta yi nankarwa, jini ya hau, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Wadda ta daɗe tana sha kuma ba ta isa ta daina rana ɗaya ba, don yankewa farat ɗaya na iya kai ta ga halaka, dole likita ya riƙa rage mata a hankali. Ruwan magani irin su Apetamin shi ma asalinsa maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke buɗe ciki ya sa barci. Laifin ba na matan kaɗai ba ne. Mu da muke tambayar uwar amarya ko ba a ba 'yarta abinci ne, mu muka buɗe wa mai kemis kasuwa.

Wannan ya kawo mu ga babban gurbin da ke cikin lissafin. Sikeli nauyin buhu yake faɗa, ba ya faɗin ko tsabar ridi ce a ciki ko an haɗa da yashi, shi ya sa ɗan kasuwar da ya san kansa sai ya zura hannu. BMI bai san tsoka ba, bai san kitse ba, bai san ruwa ba. Ɗan dako ko ɗan kokawa mai ƙirar ƙarfi yana iya kaiwa 27 babu kitsen kirki a jikinsa. Mutum mai dogayen ƙafafu da gajeren gangar jiki, irin ƙirar da ake yawan gani a rugagen Fulani, lambarsa kan fito ƙasa ko da lafiyarsa lau. Mai ciwon ƙoda ko hanta ko zuciya yana iya ƙara kilo 5 na ruwa zalla. A nan dole a ja kunnen masu jego: tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, suka kuma danganta shi da yawan kunun kanwa da gashin jego. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura tana haki idan ta kwanta ba murjewa ta yi ba, asibiti za a kai ta a ranar.

Akwai waɗanda iyakokin ba su shafa ba sam. Yara da matasan da ba su gama girma ba suna da nasu jadawalin da ke bin shekaru. Mai ciki ba a yi mata hukunci da BMI, ana duba yadda nauyinta ke hawa ne, kuma ƙa'idar da masana a Amurka suka fitar a 2009 ta ce wadda ta fara ciki da nauyi daidai ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16, ramammiya kuma 12.5 zuwa 18. Tsoho shi ma sai an yi masa sassauci. Tsawonsa na raguwa, tsokarsa na zubewa, kuma ɗan nauyin da ya ɗara 25 kaɗan bai kai rama haɗari a gare shi ba. Dattijon da haƙora suka ƙare, ya koma kunu safe da yamma, shi ya fi buƙatar a sa masa ido.

Su kansu likitocin duniya sun fara ja da baya daga dogaro da lamba ɗaya. A 2004 masanan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara sun yarda cewa mutanen Asiya na shiga haɗari tun a lamba ƙasa da ta Turawa. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta saukar da iyakar zuwa 23 da 27.5 ga 'yan asalin Asiya da baƙaƙen fata mazauna can, saboda ciwon suga na kama su da wuri. A 2023 ƙungiyar likitocin Amurka ta ce kada a riƙa amfani da BMI shi kaɗai, a Janairun 2025 kuma wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya nemi a riƙa haɗa shi da awon ƙugu da duba ko ƙibar ta taɓa aikin sassan jiki. Ba su ce a jefar da lissafin ba. Cewa suka yi shi ne tambayar farko, sauran tambayoyi na biye.

Tambaya ta biyu kuwa tana hannun kowane tela. Kitsen da ya fi cutarwa shi ne wanda ya taru a ciki ya lulluɓe hanta da hanji, ba na cinya da mazaunai ba. A ɗauki tef, a zagaya shi a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wajen cibiya ko sama da ita kaɗan, bayan an saki numfashi ba a tsuke ciki ba. Ga namiji, santimita 94 gargaɗi ne, 102 haɗari. Ga mace, 80 da 88. Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar karatu, wadda hukumar ta Ingila ta ba da shawara a kanta a 2022: ƙugunka kada ya kai rabin tsawonka. Ka auna tsawonka da igiya daga ka zuwa diddige, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita. In ta haɗu da ragowa, madalla. In ta ƙi haɗuwa, to akwai magana, ko da hannuwanka da ƙafafunka sirara ne kuma lambarka 23. Irin wannan mutum, siriri mai tumbi, yana da yawa a ofisoshinmu, kuma shi ne BMI ya fi yaudara. Hawan jini ma ba ya tambayar ƙiba kafin ya shiga, sai an ɗaura abin awo a dantse ake sanin sa.

Abin yi ga mai nauyi bai kai wahalar da masu tallar shayi ke nunawa ba. Ba sai ya koma jikinsa na samartaka ba. Wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a Amurka a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga, da aka sa su neman rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, maganar kilo 6 ake yi. Minti 150 kuwa rabin awa ne kullum har kwana biyar a mako, wato a ajiye babur a taka da sauri zuwa kasuwa ko gona, uwargida kuma ko a tsakar gida ne ta samu abin da zai sa ta ɗan haki. A rage malmala a ƙara miya da ganye, a mayar da lemon kwalba abin biki, a rage cokalin suga a shayi da fura, gishiri da dunƙule kada su wuce kwatankwacin ƙaramin cokali ɗaya a yini. Abincinmu na asali, dawa da gero da wake da kuka da zogale, ba shi ne ya kawo matsalar ba. Azumi ma ba ya wadatarwa, don ɗan kilon da ake zubarwa a watan Ramadan yakan dawo 'yan makonni bayan salla, balle ga wanda ke rama wuninsa da soye-soye bayan magariba.

Ga ramamme kuwa, bayan an tabbatar ba cuta ba ce, abin da ake nema ba tulin tuwo ba ne. Wake, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, awara, ridi, nono, ƙwai, busasshen kifi, ɗan mai a cikin kwaɗo, da ƙarin ci sau ɗaya tsakanin rana da dare. Na san faɗa ya fi yi sauƙi, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin komai ya tashi. Amma mafi yawan abubuwan nan a gonakin yankin ake noma su, kuma hukuncin ko za a sayar da wake duka da kaka ko za a ware buhu ɗaya don marka, a hannun maigida yake.

Saura abin da ke wuyan hukuma, kuma ba mai tsada ba ne. Kowane ƙaramin asibiti a mazaɓun Birnin Kudu da Gwaram ya kamata a ce yana da sikelin manya mai aiki, da ma'aunin tsawo a jikin bango, da tef, kuma duk babban da ya shigo, ko ciwon kai ya kawo shi, a auna shi a rubuta a katinsa. Ɗaliban da makarantar koyon jinya ta Birnin Kudu ke yayewa sun iya wannan tun a ajin farko, abin da ya rage shi ne ya zama al'ada. Kwamitocin lafiya na mazaɓu da masu unguwanni da limamai za su iya neman a yi hakan ba sai an jira Dutse ba.

Kai kuma mai karatu, ka auna tsawonka sau ɗaya ka riƙe. Ka hau sikeli sau biyu a shekara, bayan kaka da tsakiyar damina, a kan sikeli ɗaya in da hali, ka rubuta, ka sa a yi wa iyalinka haka. In igiya ta ƙi zagaya cikinka, ka je a auna maka jini da suga tun kana jin kanka garau. In kuwa ka ga ka rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinka cikin wata shida ba da nufi ba, wato kilo 3 ga mai kilo 60, balle in da tari da ya kai mako biyu ko zufar dare, asibiti za ka nufa ba kemis ba. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware don haka.